Yadda ake tado da tsohuwar Golf 3 GTI daga kwance, ga mai son yin abin da hannunsa

Tun ranar da aka jawo min motar nan da igiya zuwa ƙofar gida a nan Birnin Kebbi mutane ke tambayata wai me zan yi da wannan gawar, uwargida ma cewa ta yi in dai kishiya ce na kawo mata to ta gode Allah tunda wannan ko tashi ba ta yi. Golf 3 ce GTI mai ƙofa biyu, ja ce a da amma rana ta cinye jan ya koma kalar bulo, ta shekara wajen uku a ƙarƙashin dogon yaro a gidan wani bawan Allah, awaki sun mayar da rufinta wajen hutawa. Ni ba bakanike ba ne, ma'aikaci ne, Asabar da Lahadi kawai nake da su, to amma yanzu motar tana tafiya lafiya lau kuma mafi yawan aikin ni na yi, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda abin yake bi da bi ga duk wanda irin wannan ciwon ya kama.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan, fenti shi ne na ƙarshe. Kusan duk wanda na sani ya fara irin wannan aikin ya watsar, da fenti ya fara, ya sa rim masu ƙyalli da manyan sifiku, kuɗi suka ƙare, motar kuma ta tafasa a hanyar Kalgo ran fita ta farko.

Dalilin da ya sa na zaɓi Golf 3 ba wai ita ta fi kowace kyau ba. Akwai Mazda MX-5 wadda ta fara fitowa a 1989, akwai Honda Prelude, akwai Peugeot 205 GTI, duk motoci ne masu daɗin tuƙi, sai dai in wani ɗan ƙarfe ya lalace a jikinsu sai ka yi wata kana jiran a turo maka daga Ladipo ta Legas. Golf 3 kuwa, wadda Volkswagen ta fara fitarwa a 1991, ita ce jakar Arewa, je ka kowace tasha daga Jega zuwa Yawuri zuwa Argungu ka gani, an lafta mata buhuna da mutane tana tafiya. Kayanta suna ko'ina, kanikawa sun san ta kamar yunwar cikinsu, abin da babu a nan akwai a Sakkwato, wanda babu a Sakkwato akwai a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna. GTI ɗin iri biyu ne, mai bawul 8 injin lita 2.0 mai ƙarfin doki 115, da mai bawul 16 mai doki 150, sannan ga babbar yayarsu VR6 lita 2.8 mai doki 174. Shawarata ga mai farawa ya nemi mai bawul 8. VR6 kukanta akwai daɗi wallahi, amma shan manta tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 ba na ɗan albashi ba ne, ga shi injin ya cika bonet ɗin dam ko hannu ba ka samun wurin sawa.

To matakin farko ba a jikin motar yake ba ma, a takarda yake. Mu nan Kebbi muna maƙwabtaka da Benin da Nijar, motocin Kwatano sun sha shigowa ta Kamba da Tsamiya da sauran hanyoyi, kuma tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Saboda haka ka nemi takardar kwastan, ka nemi takardun mallaka, ka ɗauki lambar shasi da ke jikin takarda ka je ka gwada da ta jikin motar harafi da harafi, guda 17 ne, na Golf ɗin Jamus suna farawa da WVW. In ka ga wurin lambar an goge ko an yi walda a gefensa, ka yi sallama ka tafi komai arhar, arha ba ta ado. A rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, dillali ya sa hannu shi ma ba la'ada kawai zai karɓa ya ɓace ba. Ba abin da ya kai ka kashe shekara kana gyaran mota a tare ka a hanya a ce ta sata ce.

Sannan ka tabbatar GTI ɗin ce da gaske, don tambarin nan na baya ana sayar da shi a kasuwa kowa na iya mannawa. Ɗaga kafet ɗin but, wajen safaya taya akwai wata 'yar farar takarda da aka manna daga kamfani mai ɗauke da lambar inji, in ba ta goge ba za ka ga 2E ko ADY ko AGG ga mai bawul 8, ABF ga mai 16. GTI ɗin da aka yi wa kasuwar Turai noti biyar ne a kowace taya kuma birkin bayanta faifai ne, Golf ɗin haya noti huɗu ne. Ka leƙa injin kansa ma, don sau da yawa bodin GTI ne amma an daɗe da cire injin an dasa mata 1.8 na 'yan tasha, wasu ma an cire injekta an ɗora kafireta.

Bodi shi ne inda ake cutar mutane, nan zan daɗe. Inji in ya mutu ana sayo wani a ɗora cikin kwana biyu, bodin da tsatsa ta ci ko wanda ya yi mummunan hatsari aka miƙe shi kuwa har abada ba ya komawa daidai. Ka je da rana tsaka ba da magariba ba, ka tafi da maganaɗisu, ni na tsohuwar sifika na cire na naɗe shi a tsumma don kar ya karce fentin. Ka riƙa bin jikin motar da shi a hankali, inda ƙarfe ne zai kama, inda aka cusa bodi fila mai kauri za ka ji ya saki. A tawa gefen baya na dama wajen tafin hannu biyu ko alamar kamawa bai yi ba, mai motar yana tsaye yana rantsuwa ba ta taɓa ko gogar bango ba. Motocin nan a Turai suka yi ƙuruciyarsu inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, to tsatsar daga can suka zo da ita. Duba ƙasan ƙofofi, bakin tayoyin baya, ƙasan gilashin gaba, murfin but, da kan shokozoba a cikin bonet. Ɗaga kafet ɗin ƙasan ƙafar direba ka danna da sukudireba, in ya burma ka san aikin walda na jiranka. Ka tsaya daga nesa ka kalli ratar da ke tsakanin bonet da fenda, in gefe ɗaya yatsa na shiga ɗayan ba ya shiga, ta sha duka a gaba.

In ka saya ka kawo gida, kar ka yi gaggawar sa batir ka murza makulli, na san hannunka zai riƙa ƙaiƙayi amma ka daure. Fara da wanki da ɗaukar hoto. Duk abin da za ka kwance ka ɗauke shi a waya kafin ka taɓa, notuna kuma ka zuba a leda ko gwangwanin madara ka rubuta daga ina suka fito, don bayan sati uku wallahi ba za ka tuna ba. Ni da na buɗe gidan iyafilta sheƙar ɓera na tarar, da ɓawon gyaɗa da guntun katifa, sun kuma ɗanɗana wayoyi biyu a gefe. Zuƙe tsohon fetur ɗin tanki gaba ɗaya, fetur ɗin da ya shekara yana yin tsami ya zama kamar ƙaro ya toshe nozul. Juye baƙin mai, sa sabo da sabuwar filta, wajen lita 4 take ci, 20W-50 ko 15W-40 ya dace da tsohon inji a zafinmu. Cire fulogi huɗun, ɗiga ɗan baƙin mai a kowane rami, ka bar shi ya kwana, washegari ka sa sifana a notin fulin ƙasa ka juya injin da hannu ta ɓangaren da agogo ke juyawa. In ya zagaya sumul alhamdulillahi. In ya cije kar ka matsa masa da ƙarfi, nan ne za ka kira wanda ya fi ka sani.

Ni wanda ya fi ni sani wani dattijo ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a gyaran Golf, Baba nake ce masa. Da na kira shi ya zo ya zagaya motar sau biyu ya ce, yaro, wagga mota lahiya tai, wahala ta sha ga hannun mutane dai, kak ka bari kowa ya taɓa mata waya sai na gani. Ka samu irin wannan mutum tun farko, ka girmama shi, ka biya shi haƙƙinsa ko da shawara kawai ya ba ka. Shi ya zo da agogon gwajin kwamfureshan, muka gwada silinda huɗun, lafiyayyen inji irin wannan yana ba da tsakanin 10 zuwa 13 a ma'aunin furesha na bar, abin da ya fi muhimmanci kuma kar a samu ɗaya ta yi ƙasa sosai ta bar sauran.

Taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita tafiyar fistin da bawul, ka canja shi kawai, kar ka tsaya duba ko yana da kyau, ba ka san shekarunsa ba. Ka haɗa da tenshina, abin da ke ɗame bel ɗin. A mai bawul 16 in bel ɗin nan ya tsinke kana tafiya fistin zai daki bawul ya lanƙwasa su, aikin tof silinda ya same ka. Wannan aikin in karon farko ne ka yi shi a gaban Baba naka, don akwai alamomin da dole su hau daidai, haƙori ɗaya in ya goce motar za ta tashi amma ba ƙarfi. Wayoyin fulogi kuma tsarin wutarsu 1-3-4-2 ne, ni na taɓa juya biyu na kwana ina zargin birenbos, wato kwamfutar injin.

Ranar tayarwa, bar fulogi a cire ka yi ta ba ta kik kaɗan kaɗan har fitilar mai ta mutu, sannan ka mayar da su. In ka buɗe makulli ka saurara, ya kamata ka ji famfon mai ya yi ɗan zuu daga baya, in shiru ne duba fis da rile a akwatin da ke ƙasan sitiyari, na famfon mai yawanci an rubuta 167 a kansa. Da ta tashi sai ka koma baya ka kalli salansa. Hayaƙi shuɗi mai ɗorewa baƙin mai take ƙonawa, ringi ko sil ɗin bawul. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan ta yi zafi, ruwa ne ke shiga, gasket ya tafi, in ka buɗe murfin mai ka ga abu kamar kunun gyaɗa to an gama magana. Baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa, kuma a injin 2E sau da yawa wani ɗan shuɗin sensa ne na zafin ruwa yake yi wa birenbos ƙarya cewa injin na da sanyi. Kafin wani ya ce maka a cire injekta a sa kafireta, canja wannan sensan tukuna, ɗan abu ne mai arha.

Yanzu ga maganar da muka fi yin faɗa da kanikawa a kanta, ruwa. Garin nan a watan Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40, Golf kuma ba ta yafe tafasa. Abin da aka saba shi ne a cire tamostat, ɗan abin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi, a jefar a haɗa fanka kai tsaye tana ta juyawa tun daga murza makulli, a ce an yi maganin obahitin. Ni ban yarda da wannan ba. An ƙera injin ne ya yi aiki allurar zafi tana kan 90, in babu tamostat da safe lokacin hunturu ba ya kai wa nan da wuri, sai ya yi ta shan mai yana cin kansa, ainihin ciwon kuma yana nan ba a taɓa shi ba. Cire lagireto a wanke shi ciki da waje, in ya toshe da yawa ka sayi wani. Sa sabon tamostat, sabon swic ɗin fanka da ke jikin lagireto, sabon murfin tankin ruwa don shi ke riƙe furesha, ka duba watafam ko yana ɗiga. Akwai wata mahaɗar roba a jikin tof silinda inda tiyo ke shiga, tana tsagewa in ta tsufa, canja ta tun ba ta kunyata ka ba. Kuma don Allah daina zuba ruwan rijiya ko na bohol zalla, shi ke tara farin dutse a ciki kamar butar shayi, sayi kulant, ruwan sanyaya inji na kanti. In ta yi zafi kar ka buɗe murfin, har yau akwai tabo a hannuna.

Birki kafin gudu. Man birki DOT 4 ne, yana tsotsar laima shi ya sa ake canja shi duk shekara biyu, na motar da ta kwanta kuwa zai fito baƙi kamar shayin da ya kwana. Canja fad, duba faifai, duba tiyon roba na kowace taya ko ya tsattsage, kalifan baya kuma suna yawan cijewa in an daɗe ba a ja hanbirki ba. Fitar da iska aikin mutum biyu ne, ni ƙanena na zaunar a kujerar direba ina ƙasa ina ce masa taka, taka, taka, riƙe, in buɗe nonon in rufe, a fara da tayar baya ta dama, sai baya ta hagu, gaba ta dama, gaba ta hagu, ana yi ana ƙara mai a kofin kar ya ƙafe. Kuma kar ka kuskura ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, sa mata ƙarfen tsayawa ko kututture mai ƙwari, bulon siminti yana fashewa.

Ƙafa ba wani sirri, ɗaga ta ka girgiza taya sama da ƙasa, hagu da dama, abin da ke motsi ka canja, boljoyin, tayarod, bushin, shokozoba, robar shaf in ta yage. Bushin ɗin gatarin baya kar ka manta da shi, shi ke sa bayan motar na rawa a kwana. Giya in tana yawo kamar muciya a tukunya yawanci 'yan robobin sandar ne suka cinye ba giyabos ba. Taya ka karanta lambobi huɗun da ke gefenta, 2319 na nufin sati na 23 a 2019, tayar Beljiyom mai zanen kirki amma shekara goma kwalta mai zafi za ta fasa ta. Masu cewa a sassauke motar ƙasa don ta yi kyau, su zo su bi hanyoyin unguwarmu da damina tukuna.

Waya ita ce inda na fi shan wuya don duk rewayan da motar ta ratsa hannunsa ya bar tarihinsa, an yanke nan an ƙulla can an naɗe da leda, wani fis ɗin ma an maye shi da zaren waya, irin abin da ke tada gobara ke nan. Sayi 'yar mita, batir lafiyayye yana nuna wajen volt 12.6 a kashe, in inji na aiki 13.8 zuwa 14.4, ƙasa da haka alteneta ba ta caji. Kwance duk wayoyin at, wato na negatib, da ke ɗaure a bodi da inji ka goge su da samfefa, rabin aljanun da ake cewa motar na da su nan suke. In za a yi walda a cire kan batir, ni har filogin birenbos nake zarewa.

Sai da motar ta yi wata biyu tana kai ni aiki da munin nan nata, abokai na dariya, sannan na kai ta wajen fanabita. Inda ya ruɓe a yanke a sa sabon ƙarfe, kar ka yarda a cusa fila a rami, ka tsaya a kansu ranar don in ka juya baya za a shafe. Fila siriri ake so, a goge, a fesa firaima, a sake gogewa da samfefa mai laushi da ruwa. Ka cire bamba da fitilu da hannun ƙofa da kanka maimakon a liƙe su da jarida. Lokacin fesawa ma abin lura ne, cikin ƙurar hunturu fentin zai fito kamar an barbaɗa masa gari, in akwai mai oben ka kai can ko da ya fi tsada, in babu a yayyafa ruwa a ƙasa a fesa da sassafe kafin iska ta taso. Ni jan ta na asali na mayar, lambar kalar tana jikin 'yar takardar nan ta but. Kujeru kuma masu ɗinkin kushin na garin nan sun iya aiki, ka dai ce su bar tudun gefen kujerar yadda yake don shi ne ke riƙe ka a kwana.

Fitar gwaji ta farko ka yi ta da safe, ka ɗauki galan ɗin ruwa da sifanu da igiya da lambar Baba a waya, takardunka su cika saboda 'yan Road Safety da VIO. Ni Jega na je na dawo, ban wuce 80 ba, ido ɗaya a titi ɗaya a allurar zafi, a Kalgo na tsaya na leƙa ƙasa ko akwai ɗiga, na taɓa kowane rim in ji ko wani ya fi sauran zafi. Samarin unguwa sun riga sun zo wai in ba su aronta ranar ɗaurin auren abokinsu su ɗan juya ta a fili, na ce ko makullin ba za su gani ba, ba don wasan mota na kwana a ƙarƙashinta ba. Da ka dawo ka sake bin notunan taya da na ƙafa ka ɗaure, ka duba ruwa da mai washegari in ta huce, bayan kilomita 1000 ka sake juye baƙin man don zai kwaso dattin shekarun da ta yi a kwance. Tawa yanzu saura gilashin gefen fasinja da ke sauka ya ƙi hawa, na ba direban Kano saƙon injin gilashin tun satin jiya, uwargida kuma ta ce ba za ta sake shiga ba sai an gyara don ranar Juma'a ƙura ta ɓata mata mayafi.